Ranar da albasa ta daina sa ni hawaye

Duk ranar Juma'a in na fito wanka, kafin in shafa mai, sai na sakace kunne. Al'ada ce tun ta gidanmu. Mahaifiyarmu da gashin kaza take yi, mu muka tashi da kan ashana, da ido ya buɗe muka koma tsinken auduga na kanti. Wajen ƙarshen daminar 2022 na fara lura audugar fes take fitowa, yadda ta shiga. Wallahi daɗi ma na ji, na ce a raina ashe dauɗar kunne ma ƙarewa take yi idan mutum ya dage da tsafta. Sai ƙaiƙayi ya biyo baya, irin na can ciki wanda yatsa ba ya kaiwa. Ina ofishin malamai ina duba takardun jarrabawa, sai in farga murfin biro na cikin kunnena.

Ban kai wannan ƙara ko'ina ba. Wa zai yanki kati ya bi layin asibiti don ya ce kunnensa ya daina datti?

Idon ne ya tayar min da hankali. Lissafi nake koyarwa a makarantar 'yan mata a Kaduna, shekara 21 ke nan ina shaƙar ƙurar alli, kuma duk hunturu idona kan yi ja, don haka da ya fara ban ɗauke shi komai ba. Amma na wannan shekarar daban ne. Ji nake kamar an watsa min rairayi an rufe. Da asuba fatar idon sai ta manne, ba da kwantsa ba, a bushe, sai na lalubi buta na jiƙa kafin ta buɗu. In na yi rubutu layi biyar a allo sai lambobin su dushe, in ƙifta su dawo, su sake dushewa. Kowa kuma da nasa ganin. Maigidana ya ce waya ce. Yayata ta ce kwallin da na canza ne. Wata malama ta ce lokacin tabarau ne ya yi, tunda na haura 45. Yaron kemis ɗin unguwarmu ya ba ni wani maganin ɗigawa mai wanke ja, idon ya yi fari tas na awa uku, sannan ya dawo ja fiye da da. Kwalba uku na ƙarar kafin na haƙura.

A watan Disamba aka yi suna a gidan ƙanina, aka ajiye mana albasa kwando guda mu huɗu a tsakar gida. Kafin a yi nisa kowa na sharɓe da gefen zani. Ni idona zafi yake kamar an goga barkono, amma ko ɗigo babu. 'Yata ta fari, da ke shekara ta biyu a makarantar koyon jinya, ta tsaya da tire a hannu tana kallona.

"Umma, ke fa ba kya hawaye."

Na ce, "Sabo ne. Tun ba a haife ki ba nake yanka albasa."

Ba ta yi dariya ba. Da dare ta zo ɗakina ta ga gorar ruwa biyu a gefen gado. Ta tambaye ni sau nawa nake tashi shan ruwa. Na ce uku, wani lokaci huɗu. Ta ce yaushe rabona da cin ƙuli-ƙuli. Nan na yi shiru, don ni mayyar ƙuli-ƙuli ce, kuma na fi wata biyar ban saya ba. Ban taɓa yanke shawarar dainawa ba, kawai dai ya daina wucewa ne. Haka gurasa, haka biskit, sai da ruwa. Ta ce, "Umma, don Allah ki je a duba idon nan, kuma ki gaya musu zancen bakin."

A farkon Janairu na je asibitin ido. Kati, layi, karanta haruffan bango, wata na'ura da ke hura iska a ido, duk na wuce, sai wajen azahar na shiga wurin likita. Matashi ne, bai fi sa'an ƙanina ba. Ya sa na ɗora haɓa a kan na'urarsa mai fitila, ya taɓa min wata 'yar takarda mai launin lemo a gefen ido, ya kunna shuɗin haske. Ya ce in ƙifta sau ɗaya, in buɗe, kada in sake ƙiftawa. Ina jin yana ƙirga a hankali. Bai kai biyar ba ya tsaya. Daga baya ya yi min bayani cewa launin yana sa shimfiɗar hawayen da ke kan ido ta haska kore, shi kuma yana jiran lokacin da za ta fara tsagewa. Ta mai lafiya takan kai daƙiƙa 10 ko fiye. Tawa a 4 ta tsage.

Sai gwajin takarda. Wata siririyar takarda ce mai shan ruwa, tsawonta milimita 35, an yi mata zane kamar ƙaramar rula. Ya lanƙwasa bakinta ya maƙala a fatar idona ta ƙasa, ɗaya dama ɗaya hagu, ya ce in rufe ido minti 5. Ban taɓa sanin minti 5 na da tsawo haka ba. Takardar na suka, ina jin hayaniyar layi a waje, wani yaro na kuka, ni kuma ina zaune da takardu biyu suna reto a fuska kamar gashin bakin mage. Na yi ta tuno abubuwan baƙin ciki ko hawaye za su zo in ci jarrabawar, har rasuwar Babanmu na tuno. Da ya cire ya nuna min: dama ta jiƙe milimita 3, hagu 4. Ya ce daga 5 zuwa ƙasa bushewa ce da ba a musu a kanta. Sunan gwajin Schirmer, sunan wani likitan ido Bajamushe da ya fito da shi a 1903. Na ce masa, shekara 120 ba a samo abin da ya fi tsinken takarda ba? Ya ce an samo na'urori masu tsada, amma takardar ba ta buƙatar wutar lantarki.

Abu na ƙarshe, ya matsa gefen fatar idon da auduga yana kallo ta na'ura. Ya ce a bakin kowace fatar ido, bayan gashin, akwai 'yan ramuka jere, tsakanin 20 zuwa 40, kamar ƙananan rijiyoyi, kuma maiƙo suke fitarwa. Hawaye ba ruwa zalla ba ne. Akwai yauƙi a ƙasa da ke riƙe shi a jikin ido, ruwa a tsakiya, maiƙo a sama. "Hajiya, kin san miyar da mai ya rufe samanta ba ta saurin ƙafewa. To haka ne." Nawa maiƙon ya yi kauri, da ƙyar yake fitowa, kamar man goge baki da ya kwana a buɗe. Wato matsalata biyu ce, ruwan ya yi kaɗan, murfinsa kuma ya lalace.

Ya tambayi magungunan da nake sha. Na ce babu. Ya ce ko na mura? Sai na tuna 'yar ƙaramar ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa, kulofeniramin, wadda nake haɗiya kusan kullum da dare tun shigowar sanyi, rabi don atishawa rabi don barci. A wurina ba magani ba ce, kamar goro take. Ya ce irinta na rage hawaye da yawu duka, haka wasu magungunan damuwa da na fitsari, kuma in ajiye ta. Ya tambayi al'ada, na ce ta fara tsallake watanni. Ya ce wannan ma na da hannu, don sinadaran jikin da ke sauyawa a wannan shekarun su ne ke tafiyar da rijiyoyin maiƙo.

Na gaya masa zancen baki kamar yadda aka aiko ni. Ya rubuta. Har na miƙe na gyara mayafi, sai na ji bakina ya ce, "Likita, kada ka yi min dariya. Kunnena ma ya daina dauɗa."

Bai yi dariya ba, ya ce in koma in zauna. Ya tambayi tun yaushe, da ƙaiƙayi ko babu, ji ya ragu ko bai ragu ba. Sannan ya ce abin da na riƙe har yau. Dauɗar kunne ba datti ba ce da ke shigowa daga waje, jiki ne ke yin ta. A bakin ramin kunne akwai rijiyoyi iri biyu, masu maiƙo da wasu dangin masu gumi, abin da suke fitarwa ya cuɗe da matacciyar fata ya zama dauɗa. Masu maiƙon nan kuwa 'yan uwan na fatar ido ne, tushensu ɗaya. Shi ya sa maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi da ake kira aisotiretinoyin, wanda aikinsa ƙanƙance rijiyoyin maiƙo, yake busar da leɓe da ido da fata gaba ɗaya. Ya tambaye ni ko na taɓa shan sa, na ce ko sunansa ban taɓa ji ba. Ya ce to abin da ya busar da gida ɗaya yana iya taɓa maƙwabcinsa, ko shekaru ne, ko magani, ko wani abu daban. Wannan "wani abu daban" bai faɗi sunansa ba a ranar. Ya rubuta min takardar ganin likitan kunne, ya ce in dawo bayan mako 6.

Aikin mako shidan ba shi da wuya, naci yake so. Tsumma mai tsafta a ruwan ɗumi, a ɗora a kan ido rufe kamar minti 10, safe da dare, sannan a murza fatar a hankali zuwa wajen gashin, a goge bakin. Kwalli an dakatar. Sai hawayen kanti, kamar yadda yarana suka raɗa masa, ana ɗigawa sau huɗu. Ya ja min kunne cewa in buƙata ta wuce haka in nemi wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, mai zuwa a 'yan ƙananan robobi na amfani sau ɗaya, don sinadarin kansa yana cin fuskar ido in ya yi yawa. Wannan kuwa tsadarsa sai wanda ya saya. Na matsar da kujerata daga ƙarƙashin fanka, na koma sa tabarau in zan hau Keke Napep. Idon ya ɗan sarara, ba na musu. Bakin kuwa ko gezau, ga shi na bar ƙwayar murar tun ranar.

A tsakiyar wannan na je wurin likitan kunne, dattijo mai furfura wanda da gani ya gaji da irinmu. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu, ya ajiye fitilarsa.

"Malama, da me kike sosawa?"

Na ce auduga.

"Da me kuma?"

Na ce murfin biro. Na ɓoye zancen makullin mota.

Ya ce ramin a bushe yake ƙayau, fatar ta yi saɓa, ga ƙarzuna a bango, amma dodon kunnen lafiya lau. Ya yi min faɗa irin na uba. Kunne, in ji shi, da kansa yake share kansa: fatar ciki tana tafiya a hankali daga dodon kunne zuwa waje, tana ɗauke da dauɗar, tauna da magana suna taimaka mata. Dauɗar tana da ɗan tsami da ke hana ƙwayoyin cuta zama, maiƙonta yana hana ruwa jiƙa fatar. Mai sakace kullum yana kwashe man, fata ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, ya ƙara sosawa, ta ƙara bushewa. Da na kawo masa maganar likitan ido, sai ya ɗaga kafaɗa. Ya ce yana iya yiwuwa, amma shi galibin masu zuwar masa da busasshen kunne, auduga ce da shekaru, don rijiyoyin kunnen suna raguwa in shekaru sun ja. Ya ce akwai ma mutanen da haka Allah ya halicce su: yawancin mutanen Sin da Koriya da Japan dauɗarsu busasshiya ce fara-fara kamar dusa, mu 'yan Afirka da Turawa tamu mai danƙo ce, kuma a 2006 masu bincike a Japan suka gano ƙwayar gado guda ɗaya ce ke raba mu. "Amma ke da mai danƙo aka haife ki, ko?" Na ce ƙwarai. Ya ce to ba gado ba ne, sauyi ne. Ya rubuta min wani man shafawa na mako ɗaya, ya ce bayan nan ɗigo ɗaya ko biyu na man zaitun sau ɗaya a mako ya isa, tunda dodon bai huje ba. Kuma in kyautar da kwalin audugar.

Na fito raina a ɗan jagule. Likita ɗaya ya ɗauki zancen da nauyi, ɗaya ya mayar min da laifin. Kuma na san dattijon bai yi ƙarya ba, don na san abin da na yi wa kunnen nan shekara talatin. Sai dai wani lissafi ya ƙi fita a kaina. Shekara talatin ina sakacewa dauɗa na fitowa, me ya sa sai a shekarar da ido da baki suka bushe ta ɗauke?

Da na koma asibitin ido a ƙarshen Fabrairu aka sake maƙala takardar: 4 da 4. Likitan ya ce yanzu zai faɗi sunan abin da yake zargi, ya rubuta a bayan katina, Sjögren, ya ce ana furta shi Shogiren. Cuta ce da garkuwar jiki ke ruɗewa ta afka wa wuraren da ke yin hawaye da yawu. Ya tura ni gwajin jini. Lokacin kuwa ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, babu tsabar naira a gari, tura kuɗi ta waya sai an yi sa'a. Sau biyu ina zuwa ɗakin gwaji ina komowa, kuɗin sun fita daga asusuna ba su isa ba. A zuwa na uku aka ɗebi kwalba huɗu. Na suga, na ciwon hanta, na ƙanjamau, na ƙarfin jini, duk washegari suka fito ba komai. Ya riga ya gaya min dalilin na hanta da na ƙanjamau, cewa su ma suna kawo irin wannan bushewar, dole a kawar da su tukuna, don haka ban tsorata da ganinsu a takarda ba. Maigidana ne ya ɗan yi tsuru-tsuru. Babban gwajin, mai neman alamun ruɗewar garkuwar a jini, wanda aka rubuta SSA da SSB, an ce sai an aika Legas, mako biyu. Ya ɗauki uku.

Azumi ya kama a ranar 23 ga Maris, cikin zafin bazara, sakamako bai dawo ba. Ban taɓa azumi mai wuyar wannan ba. Ba yunwa ba, ba ma ƙishirwa irin wadda na sani ba. Harshe ne ke mannewa a ganɗa, in ina bayani a aji sai kalma ta maƙale, yara su yi ta kallona. Karatun Alƙur'ani da na saba yi bayan la'asar sai da na mayar da shi bayan sha ruwa. Dabinon buɗe baki ma sai na tsoma a ruwa. Zancen ɗiga magani da rana kuwa na kai wa malamin Islamiyyarmu, ya ce malamai sun saɓa, wasu na ganin bai karya azumi, wasu sun ce in ɗanɗanonsa ya kai maƙogwaro a rama. Da na gaya wa likitan ido, sai ya koya min dabara: in na ɗiga in rufe ido, in danne lungun da ke kusa da hanci da yatsa minti ɗaya ko biyu. Nan ne 'yar hanyar da hawaye ke bi su gangara hanci da maƙogwaro. In an toshe ta maganin ma ya fi zama a idon. Tun daga nan ban ƙara jin ɗacinsa ba.

Ranar 12 ga azumi 'yata ta karɓo takardar. SSB babu, SSA akwai. Ta karanta tun a hanya, na gani a fuskarta kafin ta miƙo.

Likitar gaɓoɓi aka tura ni, abin da ya ba ni mamaki, ina ruwan gaɓa da ido? Ashe su ne masu kula da cututtukan da garkuwar jiki ke juya wa mai ita baya. Mace ce mai sanyin magana, kuma ita kaɗai ce a duk tafiyar ta tambaye ni daga kai har ƙafa. Yatsu na yin tauri da safe? Suna yi, na ɗauka wanki ne. Gajiya? Wace uwa ce ba ta gajiya. Kumburi a gaban kunne kamar hangum? Sau ɗaya, bara, ya tafi da kansa. Haƙora? Biyu aka cike min cikin shekara guda, ni da ban taɓa zuwa wurin likitan haƙori ba sai da na haura 40. Ta ce yawu ne ke wanke haƙora, in ya ƙafe sai su fara ruɓewa daga gindi. Ta tambayi bushewa a wurin da ba a faɗa, na sunkuyar da kai, ta ce ta ji amsar. Ta tambaya ko na gama haihuwa, don abin da aka gani a jinina yana iya ratsa mahaifa ya taɓa bugun zuciyar jariri, a ciki 1 ko 2 cikin 100. Na ce autana yana aji uku na ƙaramar sakandare.

Sai gwajin da ya fi kowane ban kunya. Aka ba ni ɗan kofi mai awo, aka ce in zauna minti 15, kada in haɗiye, kada in yi magana, duk yawun da ya taru in zuba. An sa min ranar bayan salla don kada azumi ya ɓata awon. Na zauna a lungu ina kallon agogo, mace mai 'ya'ya biyar tana tofi a kofi. Abin da na tara bai kai mililita 1 ba. Iyakar ita ce 1.5, wato 0.1 a minti.

Nan ta jawo takarda ta yi abin da ya sa na saki jiki da ita, ta yi lissafi. Ta ce a ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin gaɓoɓi na Amurka da Turai suka fitar a 2016, maki ake tarawa. SSA a jini, maki 3. Yankar ɗan nama daga cikin leɓe a duba a ga garkuwa ta taru a wurin yin yawu, maki 3. Takardar ido, 1. Tabon bushewa a fuskar ido, 1. Ƙarancin yawu, 1. Ana neman 4. Kafin ta ɗaga biro na ce, "Biyar." Ta ce tunda haka ne ba sai an yanki leɓen ba, na ce alhamdu lillahi.

Na ce, "Likita, kunnen fa? Maki nawa?"

Ta yi murmushi. "Sifili, Hajiya. Ba ya cikin lissafin."

Amma ta ce cutar ba a ido da baki kaɗai take tsayawa ba, tana busar da hanci da maƙogwaro da fata, kuma cikin masu zuwa wurinta akwai masu kukan ƙaiƙayin kunne da bushewarsa. Ramin kunne ai fata ce, in ji ta. Ba za ta ce wa kowa yana da wannan cuta don dauɗar kunnensa ta ragu ba, kuma wanda kunne kaɗai ne damuwarsa ya fara da ajiye auduga. In kuwa ya zo tare da ido da baki, to tana so a gaya mata.

Ta ba ni labarin mai sunan. Henrik Sjögren likitan ido ne a ƙasar Suwidin, a 1933 ya rubuta bayanin mata 19 masu busasshen ido, da yawansu da ciwon gaɓoɓi. Har yau cikin masu cutar 10, kusan 9 mata ne, galibi a irin shekaruna. Na yi tunanin matan unguwarmu masu yawo da gorar ruwa da jan ido, ana cewa hunturu ne, ko hayaƙin murhu, ko tsufa. Wasunsu hakan ne. Ban yarda dukansu ba ne. 'Yata kuma, don ta kwantar min da hankali, ta ce Venus Williams mai wasan tanis ita ma tana da shi, a 2011 ta bayyana har ta janye daga gasar Amurka, kuma ta dawo ta ci gaba da wasa. Na ce to, ni dai a bar ni in gama manhajar aji shida.

Ba a warkewa, lallaɓawa ake yi, haka ta faɗa min ba ɓoye-ɓoye. Ta sa ni a kan haidirosikulorokwin, ɗan uwan kulorokwin ɗin zazzaɓin da muka sha muna yara, ta ce don gaɓoɓin ne, kada in sa ran zai dawo da hawaye, kuma za a riƙa duba bayan idona saboda shi. Cingam marar sukari don tsokano yawu, man goge baki mai fuloraid, likitan haƙori duk wata 6. In na ga kumburi a wuya ko gaban kunne da ya ƙi tafiya, in zo ba tare da jiran ranar ganin likita ba, don kaɗan daga masu cutar kan samu kansar ƙullutun garkuwa. Wannan jimlar ce ta hana ni barci kwana biyu, sannan ta bi sahun sauran abubuwan da mutum ke ɗauke da su.

Kunnen fa? Kwalin audugar na ba yara suka yi aikin zane da shi. Wata takwas ban sa komai ba sai man zaitun ranar Juma'a, a daidai lokacin da na saba sakacewa, don hannun ya samu abin yi. Ƙaiƙayin ya tafi tun a wata na biyu. Wajen Oktoba ina goge bayan kunne da tawul na ga ɗan abu launin ƙasa-ƙasa, ɗan mitsitsi, a bushe. Na kai wa maigidana a kan yatsa kamar na tsinci zinariya, ya ce Allah ya shirye ni. Ta dawo, amma ba kamar da ba, ko rabi ba ta kai ba, kuma danƙon nan babu shi. A nawa ganin dattijon ya ci rabin gaskiya, matashin ya ci rabi, kuma da ban yi subul da baka a bakin ƙofa ba, da babu wanda zai tura ni wurin ɗayan. Abin da nake yi yanzu, duk likitan da zan gani, ko na haƙori ne, da 'yar takardata nake shiga, an jera komai daga ido har yatsu, kunne na ciki.

A watan Nuwamba surukata ta rasu. Shekara 24 muna tare, ba ta taɓa kirana da sunana ba sai "'yata". Na zauna cikin mata a ɗakinta, ƙirjina kamar zai tsage, muryata na rawa, fuskata kuwa a bushe ƙayau. Ina lura da wata 'yar uwarsu tana satar kallona. Ga turaren wuta, ga fanka, idon ya ɗauki zafi, na tashi na shiga banɗaki na ɗiga magani, ɗigo biyu-biyu. Na fito yana gangarowa a kumatuna. Wata tsohuwa da ke bakin ƙofa ta kamo hannuna ta zaunar da ni kusa da ita, ta sa gefen mayafinta tana share min.

"Yi haƙuri, 'yar nan. Bar kuka haka nan, addu'a take so."

Na ce, "To, Inna."